Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Yadda Za Ki Shirya Ƙafarki Domin Doguwar Tafiya

Yau maganar ƙafa na kawo muku, kuma abin da ya sa na kawo ta wani al'amari ne da ya faru a gidanmu a Tofa a shekarar 1446 ta Hijira, watau 2025.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta sami kujerar Makka a wannan shekara tana da shekara 58. Kuɗin kujera daga jihohin Arewa ya haura Naira miliyan 8, saboda haka sai da aka haɗa adashenta na shekaru, da kuɗin shanu biyu, da gudummawar 'ya'yanta kafin a cika. Tun da aka biya ba ta ƙara yin barci mai daɗi ba, domin ta ji labarin aikin Hajjin 2024 a rediyo, lokacin da zafi ya kai digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum 1,301 sun rasu, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba wurin fakewa. A wurin bita kuma malamai suka ce wa maniyyata kowa ya riƙa motsa jiki.

Sai Gwaggo ta ɗauki abin da zafi. Cikin sanyin Janairu, da an sallame sallar Asuba sai ta yafa mayafi, ta zura silifas, ta bi burtali ta cikin gonakin da aka girbe tare da jikarta. Ranar farko awa guda ta yi. Kullum ta Allah tana ƙarawa, ba ta tsallake ko kwana ɗaya, har a mako na uku ta kai awa biyu. A ƙarshen wannan mako na shiga gaishe ta, na tarar tana sallar Azahar a zaune.

Na ce, "Gwaggo, lafiya?"

Ta ce, "'Yar nan, ki rufa mini asiri kada babanki ya ji. Diddigena ne, in na sauko daga gado da safe kamar na taka ƙusa. Ga gwiwar hagu ta kumbura. Kwana biyar ina shafa man zafi."

Na ce, "Shi ne kuma ki ke fita?"

Ta ce, "To in na zauna, wa zai yi mini Safa da Marwa?"

'Yar'uwa, wannan tambaya ta Gwaggo ita ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu, domin na tabbata akwai irinta da yawa a Lambu da Doka da Yanoko da sauran garuruwanmu.

TAFIYAR DA KE JIRANKI

Gwaggo tana da gaskiya da ta ji tsoro. Tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 ne, sau bakwai kuwa ya kama kilomita 3 da ɗoriya. Kafin wannan kin yi ɗawafi zagaye bakwai, in kuwa cunkoso ya sa aka tura ku saman bene, kowane zagaye ya ninka na ƙasa faɗi. Mai yin Tamattu'i, kamar yadda yawancin alhazanmu su ke yi, za ta yi sa'ayi sau biyu, na Umra da na Hajji, ban da ɗawafin ban kwana. Sa'an nan ga Mina, inda tantunan alhazanmu su kan yi nisa da wurin jifa, a je a dawo a ƙasa kwana uku a jere. Motocin da ke kwasar mutane daga Arfa zuwa Muzdalifa su kan maƙale cikin cunkoso, wani lokaci a ga gara a sauka a taka. Duk wannan a kan dutse mai santsi ko kwalta, cikin zafi, da ƙarancin barci.

Kada ki ce ai ke ba ki zauna ba, kullum kina cikin daka da surfe da jan ruwa a rijiya. Wannan aiki yana ƙarfafa hannu da baya, babu shakka, amma ƙafar da ta saba da tsakanin ɗaki da madafa ba ta san tafiyar kilomita biyar ba. Dole a koya mata. Inda Gwaggo ta kuskure shi ne ta so ta koya mata cikin mako uku.

DARASI DAGA MASU GASAR WASA UKU

Akwai wata gasa a duniya da a ke kira tirayatulon, watau wasa uku a jere ba hutu: iyo, da tseren keke, da gudun fanfalaki. Mafi shahara a cikin masu tsawo ita ce Ironman, wadda aka fara a jihar Hawai ta Amurka a watan Fabrairun 1978. A kan yi iyo na kilomita 3.8, a fito a hau keke a yi kilomita 180, a sauka a yi gudun kilomita 42. A karon farko mutum 15 suka shiga, 12 suka gama. A 1982 wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba a cikin mata, saura 'yan taku ta kai, sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, har Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa da rarrafe ta ƙarasa.

A'uzubillahi in kwatanta ibada da wasa. Sai dai jikin ɗan Adam ɗaya ne, kuma waɗannan mutane sun sha wuya kafin su gane yadda a ke shirya shi domin aiki mai tsawo. Abin da masu horar da su suka tsaya a kai shi ne, yawancin raunin da ke hana mutum zuwa gasa a wurin shiri a ke samunsa, ta hanyar ƙara aiki da yawa cikin ɗan lokaci. Saboda haka su kan rubuta tsarin watanni, amma da zarar jiki ya yi ƙorafi sai su sake tsarin. Wanda ƙafarsa ta fara ciwo ya kan rage gudu ya koma iyo da keke, domin numfashinsa kada ya koma baya yayin da ƙafar ke hutawa.

Dalilin kuwa mai sauƙin ganewa ne. Idan kin fara tafiya, zuciya da huhu su ne ke saurin sabawa. Cikin mako biyu ko uku za ki ji hakin ya ragu, ki ɗauka kin ƙware. Alhali jijiyoyin diddige da na gwiwa da ƙashi su kan ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. Tafiya tana ɗan gajiyar da su, a lokacin hutu da barci ne kuma su ke gyara kansu su ƙara ƙarfi. Wadda ba ta hutawa tana tara gajiya bisa gajiya, har ranar da wani wuri zai gaza.

YADDA MUKA SAKE TSARI

Na lallashi Gwaggo muka je asibitin sha-ka-tafi. Malamar asibiti ta duba, ta ce babu karaya. Jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji, gwiwar kuma dama shekaru sun fara taɓa ta. Ta auna mata jini, ta duba ko akwai sukari, ta ce a dakatar da doguwar tafiya. Da muka dawo gida na yage takarda daga littafin shirin darasina, na ja layuka, muka liƙa a bayan ƙofar ɗakinta. Ga abin da ke ciki.

Kwana goma na farko babu fita gona. Amma ba kwanciya ta yi ba. Safe da yamma ta kan dafa bango, ta miƙa ƙafa ɗaya baya da diddige a ƙasa har ta ji sha-raɓarta ta ja, ta ƙirga talatin, ta sauya ƙafa. Ta kan mirgina kwalba da tafin ƙafa tana zaune. Ta kan zauna a bakin gado ta miƙe tsaye sau goma ba tare da ta dafa ba, domin cinya mai ƙarfi ita ce ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Da diddigen ya lafa sai ta ƙara da yin ɗage tana riƙe da bakin turmi, sau goma.

Sa'an nan ta koma tafiya, minti 15 kacal, kwana uku a mako: Asabar da Litinin da Laraba. Ta yi ta mita, wai ko zuwa rijiya ya fi wannan. Masu gudu suna da wata ƙa'ida da suka saba bi, cewa kada abin da aka ƙara a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon jiya. Ba doka ba ce, amma ma'auni ne mai amfani. Mu minti biyar zuwa goma mu ke ƙarawa a kan jimlar mako duka. Kowane mako na huɗu kuma sai mu rage, ta koma abin da ta yi makonni biyu baya, jiki ya sarara.

Mun kuma bar gefen kwalta muka koma hanyar gona mai ƙasa, wadda ba ta da zurfin rairayi, domin rairayi mai zurfi shi ma yana wahalar da diddige.

Da azumi ya kama a watan Maris, ga bazara ta kunno kai, sai muka daina ƙari gaba ɗaya. Minti 15 zuwa 20 ta ke yi a tsakar gida bayan sallar Asham, bayan ta ci ta sha. Mai azumi da ta fita doguwar tafiya da rana cikin zafin Kano tana neman jiri ne da faɗuwa. Wata guda na riƙe abin da aka samu ba asara ba ne.

Bayan Ƙaramar Salla muka ci gaba da ƙari. A nan ne muka ware Asabar ta zama ranar doguwar tafiya, sauran kwana biyun kuma gajeru. Zuwa farkon Mayu ta kan yi kusan awa guda ranar Asabar, watau kwatankwacin sa'ayi ɗaya, da minti 25 a sauran kwanakin. Sau ɗaya muka gwada kwana biyu a jere domin ta ɗanɗana irin kwanakin jifa. Mun kuma riƙa jinkirta fitar kaɗan, zuwa bayan hantsi ya fara ɗagawa, da lema da gorar ruwa, domin jiki ya kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Kwana goma kafin tashinsu muka rage tafiyar zuwa rabi. Masu gasa ma haka su ke yi, domin a isa wurin aiki da sauran ƙarfi.

Gwaggo ba ta sake kai awa biyun da ta fara da su ba, wannan kuwa ya dame ta. Na ce mata, "Gwaggo, gara ki hau jirgi da ƙafa lafiyayya wadda shirinta bai cika ba, da ki hau da wadda ta gama shiri tana ɗingishi."

WANE CIWO ZA KI SAURARA?

Jiki magayi ne, amma sai kin san yarensa. Tsamin jiki da ke zuwa washegarin tafiya, a cinyoyi biyu ko sha-raɓa biyu, wanda ke raguwa in kin motsa, ya kuma tafi cikin kwana biyu ko uku, wannan ba abin tsoro ba ne.

Wanda za ki tsaya dominsa shi ne ciwon da ke wuri ɗaya, wanda za ki iya nunawa da yatsa, musamman a kan ƙashin ƙwauri ko saman ƙafa. Haka nan wanda ke ƙaruwa yayin da ki ke tafiya, ko ya sa ki ɗingishi, ko ya zo da kumburi, ko ya tashe ki daga barci. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki huta kwana uku. In ya tafi, ki koma da rabin abin da ki ke yi da. In bai tafi ba cikin mako guda, ki je asibiti, domin ƙashi ya kan yi 'yar tsaga saboda yawan aiki ba tare da an faɗi ba. Kada ki sha maganin kashe ciwo domin ki samu ki fita, wannan toshe bakin mai kawo miki labari ne.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kaɗan: ciwon ƙirji, da numfashi sama-sama wanda ya wuce na gajiya, da jiri, da bugun zuciya barkatai. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, su fara ganin ma'aikacin lafiya kafin su soma. Mai ciwon sukari ta riƙa duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare, kada kuma ta taka ƙasa ba takalmi, domin tana iya jin rauni ko ƙuna ba ta sani ba.

TAKALMI DA RUWA

Silifas ɗin Gwaggo yana da hannu a ciwon diddigenta. Mace tana iya sa takalmi rufaffe da safa ko tana cikin harami, ki tambayi malaman bita za su tabbatar miki. Ki nemi kambas mai taushin ƙasa, ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya zama akwai sararin yatsa guda a gaba. Ki saye shi tun da sauran wata biyu, ki yi duk shirinki da shi. Sabon takalmin da aka ajiye cikin akwati sai ranar tafiya shi ne ke yi wa alhazai bororo. Tun da ɗawafi a kan daɓe mai tauri a ke yinsa ba takalmi, ki riƙa yin minti biyar zuwa goma kina zagaya simintin ɗaki da safa mai kauri.

Ki sha ruwa kafin ki fita, ki kuma tafi da shi. Fitsarinki shi ne ma'auni: in ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Ki sa 'yan ƙullin gishiri da sukari na asibiti a jakarki domin ranar gumi mai yawa ko gudawa, amma mai hawan jini ta tambayi likita tukuna.

Ke kuma da ba ki fita, ki yi shawara da maigida. In ya yarda ki fita da Asuba tare da wata dattijuwa ko yaranki, madalla. In ba hali, tsakar gida ta isa. Ki zagaya kina duba agogo, kina sauya hannun da ki ke bi kowane minti biyar domin kada gwiwa ɗaya ta ɗauki nauyin kwana ita kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, saboda haka ko ba ki da kujera bana, ribar tana jikinki.

GA KU 'YAN MAKARANTA

'Yan mata, kada ku ce wannan zancen tsofaffi ne. Kowace shekara ina ganin abu ɗaya. Sai an ce saura mako biyu a yi wasannin gida-gida, sa'an nan za a kwashi yaran da rabonsu da gudu tun bara, a ce su yi ta zagaya fili safe da yamma. Ranar gasa rabinsu suna ɗingishi. Ƙanwata ta taɓa shiga tseren mita 1,500 a sakandare da irin wannan shiri, ta ƙare a gefen fili tana riƙe da ƙwauri tana kuka.

In kina son gudu mai nisa, ki fara tun saura mako takwas. Ki yi gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, ki maimaita sau shida, kwana uku a mako. Kowane mako ki ɗan tsawaita gudun ki rage tafiyar. Ranar da ba gudu, ki hau keke in akwai, ko ki yi tafiya kawai. Kada ki yi gudu mai tsanani kwana biyu a jere. In ƙwaurinki ya fara ciwo ki faɗa wa malamar wasanni, jin kunya ba ya warkar da ƙashi.

Ki kuma ci abinci. Yarinyar da ta fara al'ada tana rasa jini kowane wata, ga shi tana girma. Wake, da zogale, da alayyahu, da hanta, da gyaɗa, da nono su ne abokanki. In kina yawan haki da jiri, a auna jininki. In kuwa al'adarki ta ɗauke har wata uku bayan kin tsananta wasa, ki gaya wa mahaifiyarki ku je asibiti, domin alama ce ta cewa abincin bai kai aikin ba, ƙashi kuma yana iya yin rauni saboda haka.

Ku dubi Derartu Tulu ta ƙasar Habasha, wadda ta ci zinare a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita a 1993 da 1994, ta yi haƙuri har ta warke. Ta sake cin zinare a Sidni a shekarar 2000 bayan ta haihu, ta kuma lashe gudun fanfalaki na birnin Niyok a 2009 tana da shekara 37. Da ta matsa wa gwiwar nan tun farko, da labarinta ya ƙare da wuri.

DAWOWAR GWAGGO

Kafin su tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano na ƙara mata gargaɗi ɗaya, wanda na ke so ke ma ki riƙe. Alhazanmu su kan yi makonni a Madina da Makka kafin ranar Arfa. Kada zumuɗi ya sa ki ƙarar da ƙafarki a yawan kai-da-kawo da zagayen kasuwa kafin kwanakin da aka je dominsu. In kuma ƙafa ta gaza duk da shiri, akwai keken turawa, akwai wakilci a jifa ga mai rauni. Ki tambayi malamai, babu abin kunya a ciki.

Gwaggo ta yi ɗawafinta da sa'ayinta da ƙafarta. Ta yi jifa kwana biyu, a rana ta uku gwiwar ta motsa, ta wakilta ɗan ƙaninta da suka tafi tare. Da ta dawo na je yi mata barka da sauka, ta miƙo mini dabino da ruwan Zamzam, ta ce, "Malama, takardar nan taki kada ki cire ta. Maƙwabciyata ta fara adashe."

Har yanzu tana fita Asabar da Litinin da Laraba, kuma yanzu su huɗu ne. Wadda ke da niyya a cikinku ta nemi takarda da fensir tun yau, ta fara da minti 15. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kai waɗanda ba su je ba, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.